Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Har yau akwai masu gaya mana wai harsashin wani saurayi ɗan Bosniya ne ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a birnin Sarayebo ran 28 ga Yuni 1914. Mu ba mu yarda ba. An kashe matar sarkin Ostiriya a 1898, an kashe sarkin Italiya a 1900, an kashe na Fotugal a 1908, ba ƙasar da ta ja daga. Me ya sa sai wannan karo? Don manya sun daɗe suna tara ƙirare, ashana kaɗai suke jira.

Na fari haɗama. A 1884 da 1885 Turawa suka zauna a Balin suka tsara yadda za su yi watandar Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a wurin. Jamus ta ga kasonta bai kai na Ingila da Faransa ba. Sau biyu, a 1905 da 1911, ta nemi takalar Faransa a kan Maroko. A karo na biyu sai da Faransa ta yanka mata wani yanki na Kwango don ta yi shiru, ba a ko tambayi mutanen wurin ba.

Na biyu tsohuwar gaba. A 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta ƙwace lardunan Alsas da Loren, Faransa kuwa ba ta manta ba.

Na uku cinikin makamai. A 1906 Ingila ta ƙera ƙaton jirgin ruwan yaƙi mai suna Dreadnought, Jamus ma ta shiga ƙera irinsa. Kuɗin daga ina? Daga harajin talaka. Ribar fa? Aljihun kamfanoni irin su Krupp a Jamus, da Vickers a Ingila, da Schneider a Faransa.

Na huɗu ƙawance. Jamus ta ƙulla da Ostiriya a 1879, Faransa da Rasha a 1894, Ingila ta shirya da Faransa a 1904, da Rasha a 1907. Da Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya ran 28 ga Yuli, mako guda tak duka biyar ɗin sun tsunduma.

To, wa ya sha wuya? Sarkin Ingila da na Jamus jikokin Sarauniya Biktoriya ne su biyu, ba wanda harsashi ya taɓa. Amma soja fiye da miliyan 9 suka halaka, galibinsu 'ya'yan manoma da leburori. Har kakanninmu aka kwasa, soja da 'yan dako, aka kai su Kamaru da Gabashin Afirka. Da ƙura ta lafa, Ingila da Faransa suka rabe Kamaru da Togo tsakaninsu. In don 'yanci aka yi yaƙin, me ya hana a sallami mutanen ƙasashen nan?

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, duk ran da manya suka buga tambarin yaƙi, mu tambaye su abu uku: wa zai biya, wa zai mutu, wa zai kwashe ganima? In sun ƙi amsawa, mun riga mun san amsar.