Ina Kalangu Ya Shige A Gidajen Rediyonmu?

'Yan uwana mazauna Idu, Karmo, Gwagwa, Jiwa, Dei-Dei da duk inda neman abinci ya kai Bahaushe a wannan gari na Abuja, yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yake salalewa daga hannunmu a hankali ba tare da an yi masa ko jana'iza ba, wato kiɗanmu na gargajiya a gidajen rediyo. Duk mai rediyo a shago ko a mota ya gwada da kansa, ya murɗa tun daga farkon layin FM har ƙarshensa da rana tsaka, ya ƙirga sau nawa zai ji kalangu ko kotso ko gurmi ko kukuma. Zai ji Afrobeats, zai ji waƙoƙin fim, zai ji masu tallar magani da masu musun siyasa da na ƙwallo, amma kafin ya ci karo da Shata sai ya yi sa'a. Ra'ayina shi ne wannan asara ce, kuma mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa cutuwa da ita.

Manyanmu suna ba mu labarin yadda abin yake a da. An kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma saboda yana watsa shirye-shiryensa a gajeren zango ana jin sa har Nijar da Gana da Kamaru. Direba a Legas, ɗan kasuwa a Sabon Ibadan, mai sayar da goro a Kumasi, duk abu ɗaya suke ji a lokaci ɗaya. Ta wannan hanya ce Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, Garba Supa da kukumarsa, da Hajiya Barmani Choge ta Funtua da ƙoranta suka shiga kowane gida. A filin Zaɓi Sonka mutum zai aika da kati ya gai da danginsa da ke wata ƙasa, a haɗa masa da waƙar da ya zaɓa. Ba a biyan ko kwabo don a saurara, batir kawai za ka saya.

Kafin in zo kan dalilan da suka kawo mu nan, bari in ɗan leƙa da ku Amurka, domin abin da ya same mu ya sami wasu. Can suna da kiɗan da suke kira rock, na jita mai lantarki da ganguna, wanda ya yi shekaru yana mulkin gidajen rediyonsu. A 1996 aka yi dokar da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Kamfanin Clear Channel da yake da tashoshi kusan 40 sai ga shi cikin 'yan shekaru ya haura 1,200. Da tashoshi suka taru a hannu ɗaya, sai zaɓen waƙa ya bar hannun mai gabatarwa ya koma hannun masu lissafin kuɗin talla, a tsara 'yan waƙoƙi kaɗan a yi ta maimaita su. Tashar WBCN ta birnin Boston, wadda ta fara sa rock tun 1968, an rufe ta a 2009. A 2017 kuma kamfanin ƙididdiga na Nielsen ya sanar cewa hip-hop da R&B sun wuce rock wajen yawan masu saurare a Amurka. Masu son rock ba su ƙare ba, har gobe suna cika filayen wasa. Rediyon kyauta ne ya bi inda kuɗi yake.

To mu ma kusan haka ne, sai dai namu da nasa salon. A 1992 gwamnatin soja ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa. Wannan alheri ne, ba mai musu, domin talaka ya sami inda zai faɗi damuwarsa. Amma tashar kasuwa da kuɗin talla take sayen man dizal ta biya ma'aikata, kuma nauyin ba ƙarami ba ne. A watan Agustan 2022 ma NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin sabuntawa, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Tashar da ke cikin wannan hali idan ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya ya zo sayen rabin awa, ba za ta ce masa ya dakata ana sa Narambaɗa ba. Ga kuma tsawon waƙoƙin. Waƙar fada ɗaya tana iya cin minti ashirin ko fiye, a wannan lokacin an sa waƙoƙin zamani huɗu an cusa talla a tsakaninsu.

Dalili na biyu shi ne fiyano. Wajejen shekarar 2000, lokacin da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, masu shirya finafinan Kano suka gane cewa mutum ɗaya da fiyanon Yamaha a ƙaramin ɗaki zai fitar da sautin kalangu da sarewa da tafi gaba ɗaya. Makaɗin gargajiya kuwa tafe yake da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, kowa da cikinsa da iyalinsa. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan kaya mai araha ya shigo kasuwa. Dalili na uku mutuwa ce. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah Ya jiƙansu. 'Ya'ya da yaran wasunsu sun riƙe sana'ar, amma wa ya san su? Iyayensu rediyo ne ya sanar da duniya su, su kuma sun tarar ƙofar a rufe.

Na san abin da wasu abokaina matasa za su ce: ai komai yana waya, ka shiga YouTube ka rubuta Shata ka ji har ka gaji. Gaskiya ne, amma sai wanda ya san sunan ne zai rubuta shi. Waya tana ba ka abin da ka nema da irinsa, rediyo kuwa yana kawo maka abin da ba ka taɓa sanin akwai shi ba. Yaron da aka haifa a Karmo, yana makarantar da ake Turanci, yana wasa da Broka a layi, ta ina zai san akwai wani Ɗan'anace da ya yi wa Shago waƙar dambe, balle ya nema? Sannan data kuɗi ce, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har da kashi 50 cikin ɗari. Mai gadi a rukunin masana'antu na Idu, mai shayi a bakin hanyar tashar jirgin ƙasa, mai tura kurar ruwa, tsohuwa a cikin gida, su har yau ƙaramin rediyo ne abokin hirarsu.

Akwai darasi a maƙwabtanmu na Nijar. Matashin Buzu Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙinsa sun yaɗu a sahara daga waya zuwa waya ta hanyar memori da bulutut, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tsince su ya fitar. Yau shi da Bombino na Agadas suna yawon duniya da jitar lantarki, Turawa suna kiran abin da suke yi rock na sahara, ƙungiyar Tinariwen ta Mali kuma ta ci kyautar Grammy a 2012. Sun ɗauki kayan kiɗan zamani amma ba su yar da karin iyayensu ba. Ina ganin da samarinmu masu shiga situdiyo suna tashi da sautin gurmi da kuntigi a kunnensu, da sun yi abin da ya kai wannan. Ba na raina Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker, ni ma ina jin su, kuma Aminu Ala ya nuna ana iya haɗa zurfin Hausa da kayan zamani. Abin da nake cewa a bar wa tsohon gurbi kusa da sabo.

Wasu kuma za su ce ai kiɗa da roƙo ba abin da za a yi wa kuka ba ne, gara ma da ya tafi. Wannan magana ta malamai ce, ba ni da ilimin da zan sa baki a hukuncinta. Sai dai abin lura shi ne da aka cire kalangu ba shiru ne ya maye gurbinsa ba, wani kiɗan ne ya shigo, wani ma da kalmomin da ba za ka so ƙanwarka ta ji ba. Tsofaffin waƙoƙin nan kuwa rumbu ne na harshe da tarihi. A cikin waƙoƙin Narambaɗa da Sa'idu Faru akwai sunayen sarakuna da garuruwa da kirari da Hausar Gobir da Zamfara wadda ba za ka same ta a littafin makaranta ba. Ɗanmaraya ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga darajar ƙaramin ma'aikacin da kowa ke rainawa. Jami'ar Ahmadu Bello ba don wasa ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba. Mu da muke zaune a ƙasar Gbagyi cikin ƙabilu iri-iri, 'ya'yanmu Hausar ciniki kawai suke tsinta, ta nawa ne da rage mini. Sauran Hausar a ina za su ji ta?

Ba na cewa babu fili ko ɗaya. A Kano da Kaduna da Sakkwato akwai tashoshin da suke ware wa waɗannan waƙoƙi lokaci, Allah Ya saka musu. Amma FM ba ya tafiya nesa, na Kano ba ya isowa Idu. Don haka shawarata uku ce. Ta farko, tunda yanzu fili na mai biya ne, to mu saya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na hatsi da katako da dabbobi da kayan gwari, tare da sarakunan Hausawa na unguwanni, za su iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin awa ɗaya a mako a wata tasha ta Abuja, a sa waƙar har ƙarshenta, a kawo wanda zai fassara kalmominta, su kuma a yi tallar hajarsu. Ta biyu, mu da muke buga waya gidajen rediyo muna gaishe-gaishe mu riƙa neman waɗannan waƙoƙi da sunansu, domin mai gabatarwa abin da aka tambaya yake sawa. Ta uku, hukumomin da ke da tsofaffin faya-fayai, musamman Rediyon Tarayya na Kaduna, su mayar da su cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su, kuma a gayyato makaɗan da suke raye a naɗi sababbi a biya su hakkinsu.

Wanda yake da kaset ɗin mahaifinsa a cikin akwati kada ya yar, ya nemi mai juyawa ya zuba masa a memori ya kunna wa yara. Idan muka tsaya jiran gwamnati ko masu tashoshi, za mu daɗe muna jira, domin su lissafinsu daban ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, Ya mayar da kowa gida lafiya.