Kafintocin Diffa Da Tsofaffin Injinan Murɗa Katako: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

Ƙafar gado ko ta teburi mai murɗe kamar tufkar igiya tana cikin adon da ke ɗaga farashin kayan ɗaki. Uwar amarya da ta je zaɓen kaya takan shafa ta da hannu kafin ta tambayi kuɗi, kafinta kuma ya san da haka. Sai dai aikin yana da cin rai idan da hannu za a yi shi. Sai an zana layi, an tsaga da zarto, an bi da cizal da magagari, sannan a goge da samfefa, kuma duk da haka da wuya ƙafafu huɗu su fito iri ɗaya.

Shi ya sa kafintan da ya fara tara 'yan kuɗi a Diffa, Maine-Soroa ko N'Guigmi yakan soma tunanin injin da zai yi masa wannan aiki. Sabo ya fi ƙarfin aljihunsa, don haka sai ya karkata ga na hannu, irin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Sau da yawa hotonsa kawai zai gani a WhatsApp daga wani dillali a Kano ko Legas, a ce masa ya tura kuɗi kafin wani ya riga shi. Wannan ciniki ne da ya kamata a yi wa kallon tsanaki, domin a yadda ake yin sa yanzu, asarar duka a kan mai saye take faɗawa.

Kuɗin da ake magana a kansu ba su zo da sauƙi ba. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015 jihar ta shiga dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an rufe wasu kasuwanni, an dakatar da cinikin tattasai da na kifin tafkin Chadi, waɗanda su ne ƙashin bayan arzikin yankin. Sai a 2017 aka sassauta a kan tattasai, kifi kuma sai a 2019. Sama da mutum dubu 200 ne rikicin ya raba da gidajensu suka zauna a jihar, 'yan ƙasa da 'yan gudun hijira daga Najeriya. A kan haka kuma kogin Komadugu ya yi ambaliya a 2019 da 2022, ya cinye gonaki da gidaje. Matashin da ya kama sana'ar hannu a irin wannan yanayi, jarinsa yakan fito ne daga adashi, ko dabbar da aka sayar, ko buhunan tattasan da iyali suka noma. Idan injin ya iso bai yi aiki ba, gida guda ne ya yi asara.

Fahimtar yadda injin ke aiki ita ce kariyar farko. Ana ɗaure katakon ta kai biyu, kamar a injin da ke fere katako ya zama zagayayye. A samansa akwai ƙaramin injin sassaƙa mai kaifin baki, wato rauta, zaune a kan wani keke da ke tafiya bisa doguwar hanyar ƙarfe. Idan mai aiki ya juya hannu, wani dogon ƙarfe mai zare yana tura rautar gaba, a lokaci guda kuma wasu faya-fayai masu haƙora suna juya katakon sannu a hankali. Daidaituwar tafiyar rauta da juyawar katako ita ke haifar da murɗe. Canja faya-fayan shi ke sa murɗen ya yi tazara ko ya matse, akwai kuma wanda ke mai da shi hagu ko dama domin ƙafafun teburi su fuskanci juna. Kamfanin Legacy da ke jihar Utah ta Amurka na cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera irin wannan inji.

Daga wannan bayani za a gane inda cuta take shiga. Gangar jikin injin babba ce, ita ke fitowa a hoto. Faya-fayan kuwa ƙanana ne, a kwali ake ajiye su, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa idan inji ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya shiga kwantena. Injin da ya zo babu su zai iya zagaye katako, amma ba zai murɗa shi yadda ake so ba, alhali murɗen aka biya wa kuɗi. Haka dogon ƙarfen mai zare: idan ya lanƙwashe kaɗan a hanya ko zarensa ya cinye, murɗen zai riƙa fita da gargada. Su ma bakunan sassaƙa na musamman ne, suna dakushewa, kuma ba kowane shagon kayan aiki ke da su ba.

Abu na biyu shi ne wuta. Wutar gida a Nijar volt 220 ce, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. Rautar da aka yi wa Amurka, idan aka soka ta kai tsaye, nan take za ta ƙone, dole sai da taransifoma mai ƙarfin ɗaukarta. Akwai kuma wani bambancin da taransifoma ba ta gyarawa: wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijar sau 50, abin da ke sa wasu manyan motocin inji su rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, su kuma riƙa zafi. Manyan injinan Turai su kuma da yawansu wuta mai layi uku suke buƙata, wadda shagon kafinta na cikin unguwa ba ya da ita sai ya nemi NIGELEC ta ja masa da ƙarin kuɗi. Idan aka haɗa da ɗauke wutar lokacin zafi da kuɗin man janareta, lissafin ya wuce abin da dillali ya faɗa.

Na uku shi ne katakon kansa. Diffa ba ƙasar katako ba ce. Abin da ake aiki da shi daga kudu yake zuwa, ta manyan kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Murɗe yana son katako mai tauri da ya bushe sosai, irin su maɗaci da iroko. Farin katako mai laushi yakan yi gashi a ƙarƙashin rauta, ɗanye kuma da hunturu ya buso sai ya tsage ko ya karkace a ɗakin amarya, a dawo wa kafinta da ƙorafi. Wanda ba shi da hanyar samun busasshen katako a kai a kai, injinsa zai fi zama fiye da aiki.

Sannan ga nisa. Diffa tana da tazarar kilomita sama da 1,300 daga Yamai, kuma kusan duk abin da ya lalace sai an nemo shi daga Damagaram ko Najeriya. Iyakar kuma ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Boris ɗaya ko faifai ɗaya na iya tsayar da shago wata da watanni.

Wannan duka ba dalili ba ne na guje wa injin hannu. Tsohon inji mai ƙarfe mai kauri yakan fi wasu sababbin masu araha ƙarko, kuma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa mai riƙe da sefa yana samun sauƙi a kasuwannin Najeriya. Ban da haka, kafintan gida yana gogayya ne da kayan ɗakin da ake shigowa da su daga China, Turkiyya da Dubai, masu ƙyalli a ido. Abin da zai iya fin su da shi shi ne katako na gaske da ado mai kyau, kuma inji na taimakawa a nan. Amma araha ba ta ado idan ba a duba ba.

Don haka wajibi ne mai saye ya kafa sharaɗi ɗaya da ba zai sauka daga kai ba: ba biya sai an gwada. Ya je da kansa, ko ya tura kafinta amintacce da ya san aikin, da guntun katako irin wanda zai riƙa amfani da shi. A murɗa ƙafa guda daga farko har ƙarshe a gabansa, a sake wata ta ɗaya hannun, a jera su a gani ko sun dace. Ya ƙirga faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta farantin da ke jikin motar don sanin irin wutar da take ci, ya girgiza keken rautar ya ji ko yana wasa. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan inji da jerin kayan da ke tare da shi, domin zai buƙace shi a duwan, zai kuma buƙace shi idan rigima ta taso. Ya ware wani abu daga jarinsa don dako, fito, taransifoma da bakunan sassaƙa. Dillalin da ya ƙi gwaji ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma tambayar da ta kamata ta zo kafin duk waɗannan: ƙafa nawa shago ɗaya zai sayar a wata? Cinikin kayan ɗaki yana tafiya ne da lokacin bukukuwa da bayan girbi. Inji ɗaya zai iya wadatar da shaguna da dama a gari kamar Diffa. Ya fi hankali kafintoci biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi ɗaya mai kyau, su ajiye shi inda wuta ta fi tsayawa, su ɗora mutum ɗaya ya ƙware a kansa, kowa ya kawo katakonsa ya biya ladan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan asara ta zo, raba ta ya fi sauƙi.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a, da majalisar masu sana'o'in hannu ta CMANI, da ƙungiyoyin agajin da suka shafe shekaru suna horar da matasa a jihar, ya kamata su wuce matakin raba zarto da guduma a ranar bikin yaye ɗalibai. Cibiyoyin koyon sana'a za su iya zama wurin da ake ajiye manyan injina na haɗin gwiwa, ana haya da awa. Ya kamata a horar da masu gyaran injinan kafinta a cikin Diffa, tare da masu walda da maƙeran da za su iya yanka ƙananan kayan gyara. Hukumar duwan kuma ta bayyana a fili abin da ake biya a kan kayan aikin sana'a, domin mai saye ya san lissafinsa tun kafin ya bar gida. Bankunan ƙananan rance su ma za su iya ɗaure bashinsu da sharaɗin cewa wani masani ya duba injin kafin a saki kuɗi.

Jihar da ta shafe shekara goma tana fama da rikici tana buƙatar kowane shagon da ke ɗaukar yara biyu ko uku aiki ya tsaya da ƙafarsa. Kafin waɗannan gyare-gyare su samu, abin da ke hannun kafinta shi ne ya riƙe kuɗinsa har sai ya ga ƙafar farko ta fito daga injin.