SABO TURKEN WAWA: TSADAR INTANET TA ISHE MU



Kowa ya san al'adar kasuwarmu. In ka daɗe kana awo wurin mai hatsi guda, ran da ka je sai ya yi maka ragi, ya kuma zuba maka gyara. To, ku dubi kamfanonin da ke kawo intanet cikin gidajenku. Sabon shiga shi ake yi wa garaɓasa. Kai kuwa da ka shekara biyar ba ka taɓa fashin biya ba, sai dai ka wayi gari ka tarar da saƙon ƙarin kuɗi. Don me? Don sun san ka riga ka sayi na'urarsu, kuma sau da yawa ba ta karɓar layin wani. Ga yara na karatu da ita, ga uwargida na tallan kayanta. Sun tabbata ba ka da wurin zuwa.

Ku tuna, a watan Oktoba na 2024, kamfanin Starlink ya ɗaga kuɗin wata a Nijeriya daga N38,000 zuwa N75,000. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce ba da izininta ba, dole kamfanin ya dakata. Ashe in hukuma ta tsawata, ana ji! Amma a watan Janairu na 2025 ita dai hukumar ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka farashin.

Gaskiya ɗaya ce, kamfanonin suna da nasu kuka. An janye tallafin man fetur a 2023, darajar Naira ta faɗi, kayan aikinsu kuwa da dala ake sayowa, turakunsu da man gas suke aiki. Ba mu ce kada ɗan kasuwa ya ci riba ba. Abin da muka ƙi shi ne a mai da riƙon amanar mutum ya zama igiyar ɗaure shi.

Wannan cuta tana da magani, an kuma gwada shi a Ingila. A 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙara cewa tsofaffin abokan ciniki na asarar wajen fam biliyan 4 kowace shekara a harkoki biyar, har da intanet na gida. Daga Fabrairu 2020 hukumarsu, Ofcom, ta tilasta wa kamfani ya sanar da mutum in yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa, ya kuma faɗa masa farashinsa mafi sauƙi. Daga Janairu 2025 kuma, duk ƙarin da za a yi sai an rubuta adadinsa tun ranar ƙulla ciniki. Mu ma nan gida mun ga irinta: tun 2013 mutum na iya sauya kamfanin waya ya tafi da lambarsa.

Saboda haka, jama'a, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku neman ƙuri'a, ku tsare shi da tambaya uku. Zai goyi bayan dokar da za ta hana ƙari sai an ba da sanarwa a rubuce da isasshen lokaci? Zai tsaya a buɗe na'ura ta karɓi layin kowane kamfani? Zai nemi a ba tsohon abokin ciniki farashin da ake ba sabo? In ya fara kame-kame, kun san inda ya dosa.

Kafin nan, kada ku zauna. Ku tambayi farashin wasu kamfanoni, ku gaya wa naku za ku tashi, in an cuce ku ku kai kuka ga NCC.

Haka kuma ranar zaɓe. Wanda ya san ƙuri'arka tasa ce ko ya yi aiki ko bai yi ba, ba zai taɓa zuba maka gyara ba. Ku adana katinku, ku fito da sassafe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.