Waya Ta Zame Mana Kogi Na Biyu A Kaduna

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana kan yadda zaurukan WhatsApp da Facebook ke ƙara raba kawunanmu a siyasa.

Kowa ya san bayan rikicin 2000 da na 2002 jama'a sun yi ta ƙaura, har kogin Kaduna ya zama iyaka. Yawancin Musulmi suka tattaru a arewa, irin su Kawo da Tudun Wada da nan Mando, yawancin Kirista suka koma kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi. Duk da haka kasuwa tana haɗa mu, a yi ciniki, a yi gardama, a rabu ana dariya.

To, ita waya ba haka take ba. Mutum kan shiga zauren da kowa jam'iyyarsu ɗaya. Wanda ya kawo wata magana daban sai a yi masa ca, shugaban zaure ya kore shi. Mai sassauci sai ya ja bakinsa ya yi gum, mai zafin kai kuwa shi ake yaba wa. Ita ma Facebook abin da ka saba so shi take ƙara turo maka. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai.

Dubi zaɓen gwamna na 2023. Uba Sani na APC ya kayar da Isa Ashiru na PDP da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, alhali kowannensu ya haura 700,000. Wato jihar ta kusa rabuwa biyu daidai. Amma wanda bai taɓa jin muryar ɗaya ɓangaren ba, ina zai yarda akwai su da yawa haka? Kowane sakamako ya fito, in bai yi masa ba, zuciyarsa za ta tafasa. Mun ga irin ɓarnar da ta biyo bayan zaɓen 2011, ba ma fatan a maimaita.

Mu manoma mun san gonar da kullum dawa ake shuka mata, wuta-wuta ke cinye ta, sai an sirka da wake ko gyaɗa. Don haka ina kira ga shugabannin zauruka da su daina korar mai saɓanin ra'ayi muddin bai yi zagi ba. Mu kuma kafin mu tura labari gaba, mu tambayi wanda ba namu ba.

Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
Mando, Kaduna.