RA'AYINMU: Ina Magadan Abubakar Tunau?

Idan aka zauna lissafin littattafan wasan kwaikwayo na farko da Hausawa suka rubuta da hannunsu, ba a yin nisa sai an ambaci Wasan Marafa, wanda aka buga a 1949. Mawallafinsa kuwa shi ne marigayi Alhaji Abubakar Tunau, Kayayen Sardauna, mutumin Talata Mafara. Kafin wannan littafi abin da 'yan makaranta suka fi sani shi ne wasanni shida na Dokta R. M. East, Baturen da ya shugabanci ofishin talifi na Zariya. Watau dai ƙasar nan tamu ta Mafara da Bakura da Maradun tana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Amma a yau a tare ɗalibin sakandare a Dosara, ko ma a cikin garin Mafara kanta, a tambaye shi wane ne Abubakar Tunau, muna shakkar a sami amsa.

Wasan Marafa ba dogon littafi ba ne, kuma manufarsa a fili take: a nuna wa jama'a amfanin tsafta da ilmin zamani ta bakin mutane irinsu, cikin maganar da suka saba ji a gida da kasuwa. Abin da malamin tsafta zai yi wata guda yana faɗa ba a saurara ba, sai yara su nuna shi a dandali cikin sa'a ɗaya, iyaye su yi dariya, su kuma tafi gida da maganar a ransu.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi, musamman ma'aikatan Gwamnati da ɗalibai, shi ne inda mutanen wannan fage suka fito. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasanni, yana zolayar zaluncin mahukunta da cutar da ake yi wa baƙauye a kasuwa, abokan karatunsa suna nunawa. Wannan Malam Aminu shi ne daga baya ya zo ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a nan ƙasar Zamfara, har ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa. Alhaji Yusuf Maitama Sule malamin makaranta ne a Kano sa'ad da ya yi suna a wasan kwaikwayo, kuma duk wanda ya taɓa jin Ɗanmasanin Kano yana jawabi ya san dandali bai yi masa asara ba.

Bayan aji sai gidan rediyo. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da aka ji su a rediyo kafin su zama littafi. Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, ma'aikacin Rediyon Kaduna ne. Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, Banufe ne ɗan gidan sarauta, soja ne kuma na gaske, ba na wasa ba. Bariki ya sani ciki da waje, shi ya sa Hausar barikin da ke bakinsa ta zauna daram. Ya rasu a 2023, shekara shida bayan rasuwar Ƙasimu Yero na Zariya. Umaru Ladan shi da Dexter Lyndersay suka mai da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, aka buga a 1975. Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Daga Sakkwato kuma Hadi Abdullahi Alƙanci ya kawo Soyayya Ta Fi Kuɗi a 1982.

Duk cikin waɗannan babu wanda za a kira marar aikin yi. Malamai ne, da ma'aikatan watsa labarai, da soja, da 'yan majalisa. Mun tsaya a kan wannan ne domin har yanzu akwai iyaye, har da wasu shugabannin makarantu, da ke ganin yaron da ya shiga ƙungiyar wasa ya kama hanyar lalacewa. Tarihin mutanen nan bai goyi bayan wannan zato ba. Ko sana'ar fim ta Kano, wadda dubban matasa ke ci a cikinta, daga ƙungiyoyin wasa ta tsiro: ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce rijiyar da ake ɗiba tana ƙafewa. Ɗan wasa ba ya faɗowa daga sama. Wani malami ne yake ba shi takarda ya haddace, ya tsayar da shi gaban 'yan'uwansa, ya gyara masa murya da tsayuwa. Makarantun ƙasar nan kuwa sun sha wuya. A watan Agusta na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandare ta Kaya cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, abin da ya sa aka rufe makarantun Jihar na wani lokaci. Makarantar da ke fama da yadda za ta buɗe ƙofa, ba abin mamaki ba ne idan ƙungiyar wasa ce ta fara mutuwa a cikinta.

Wani zai ce, ana maganar rai wa yake ta wasa? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, ba mu ce a tara jama'a da dare a fili ba. Wasa na minti talatin da hantsi, cikin harabar makaranta, ba ya bukatar komai sai malami ɗaya mai himma da tsofaffin riguna. Yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, suna bukatar wurin da za su buɗe baki. Kuma abin rubutawa bai ƙare ba. Madatsar Ruwan Bakolori da aka gama a 1978, da rikicin diyyar gonaki na watan Afrilu 1980 wanda manoma suka rasa rayukansu a cikinsa, da zaman manomi da makiyayi, da ƙaurar ƙauyuka zuwa gari, duk suna nan suna jiran mai alƙalami. Jami'ar Ahmadu Bello ta nuna hanya tun 1977, lokacin da malamai da ɗalibanta suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, suka gina wasan a kan matsalolin da manoman suka faɗa da bakinsu. Mutanen karkara ma ba baƙi ba ne ga kwaikwayo. Wanda ya tashi yana tashe da kalankuwa ya riga ya yi rabin karatun.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Zamfara da ta umarci kowace makarantar sakandare ta keɓe sa'a guda a mako domin wasan kwaikwayo na Hausa, a kuma naɗa malamin da zai ɗauki alhakinsa, a rubuta wannan aiki cikin takardar ƙarin girmansa. Kwalejin Ilmi ta Maru, garin da Malam Aminu ya koyar, ita ta fi cancanta ta horar da waɗannan malamai. Muna kuma roƙon Ma'aikatar ta tuntuɓi masu haƙƙin buga Wasan Marafa a sake buga shi, a haɗa da taƙaitaccen tarihin mawallafinsa, a raba wa makarantu.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin na zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996, suna ta raguwa. Ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Maru, maimakon su yi ta maimaita nazarin littattafan da aka riga aka tatse, sai su ɗauki na'urar naɗar magana su je wurin waɗannan dattawa, su tambaye su inda aka haife su, da wanda ya koya musu, da wasan da suka fara yi, a ajiye a ɗakin karatu. A fara da Talata Mafara, a wannan zangon karatu.