GYARA KAYANKI BAI ZAMA SAUKE MU RABA BA

Yau magana ce zan yi mai ɗaci, wadda ta ji haushi ta yi haƙuri, amma ba zan janye ba. Wai shin ɗakin nan naki na kwana ne ko rumfar kasuwa? Kabet cike da tangaran, saman sif akwatunan lefe har suna taɓo rufi, ƙarƙashin gado kuloli da samiru a cikin kwalayensu ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Wajen shimfiɗa dardumar salla ma sai an ture kujera. Sannan a ce wai wannan shi ne gata. Ni dai a wurina wannan ɗaurin talala ne muka yi wa kanmu.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai gado muka yi, iyayenmu ma sun yi jere. Gaskiya ne, sun yi. Kakanninmu da ƙorai suka fara, aka zo zamanin tasa, aka zo na langa da kumbo da fanteka. Amma ku tambayi tsofaffi dalili. Macen da take cikin kulle a wancan lokaci ba ta da asusun banki, kwanukan nan su ne ajiyarta. Ranar da ciwo ya zo ko aka tashi aurar da 'ya, sai ta zare saiti ɗaya ta miƙa wa dillaliya, kuɗi ya fito, don kwano ba ya ruɓewa ba ya fashewa. To ke fa? Naki roba ne da gilashi da katakon garin itace wanda damina ɗaya ke kumbura shi. Ki gwada kai wa dillaliya kular da aka daina yayinta ki ji abin da za a taya. Mun riƙe al'adar, mun yar da hikimar da ke cikinta.

Sai kuma a ce, "To me dangin miji za su ce?" Haba 'yar uwa! 'Yan ganin ɗaki kwana nawa suke yi? Su zo su ƙirga kwanuka, su ci alkaki da nakiya, su yi guɗa su watse. Wa aka bari da goge-goge da kakkaɓar ƙura duk ranar Allah, musamman lokacin hunturu? Ke. Wa aka bari da bashi? Mahaifinki, wanda wataƙila gona ya sayar ko ya jinginar da gida, da mahaifiyarki da ta shiga adashi uku. Faccalar da kike gasa da ita kuwa, ko kantin gaba ɗaya kika kwaso sai ta samo abin gori. Bakin mutane ba ya cika.

Abin ma ya wuce ɗakinki. 'Yan mata nawa ne suke zaune a gida, ga manemi ga sadaki, amma an ɗaga biki sau biyu sau uku saboda kayan ɗaki ba su haɗu ba? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, amma jerin kayan da ake nema bai ragu ba ko da cokali ɗaya. Gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa a 2012, a 2023 kuma ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda, har da ba su gado da katifa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda gizo ke saƙa. Alhali kuwa ruwayoyi sun nuna kayan da Nana Faɗima (R.A.) ta tare da su ba su wuce mayafi da matashin kai na fata da salkar ruwa da dutsen niƙa da tuluna ba. Wace ce a cikinmu ta fi ta gata?

Ga kuma maganar lafiya. Tarin kaya gidan kyankyaso ne da ɓera. Sauro yana son duhu da tufafin da aka rataye, can yake wuni ya fito da dare ya ciji yaranki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa idan suka taɓa abinci ko kwanuka, kuma ya fi ƙamari da rani. Lungun da tsintsiya ba ta shiga shekara guda, wa kike zaton yake zaune a ciki?

Kada a ce na ce a zauna a ɗaki fayau kamar na gwauro. A'a, mace da ado aka san ta, ɗaki mai kyau da ƙamshin turaren wuta abin so ne. Abin da nake cewa shi ne ki ware rana guda, ki fito da komai tsakar gida, ki kasa shi uku. Kashin farko abin da kike amfani da shi, da saiti ɗaya mai kyau na baƙi. Kashi na biyu abin da yake da daraja amma salla biyu ta wuce ba ki taɓa shi ba, wannan na sayarwa ne. Kashi na uku na bayarwa: kayan da yara suka girme, atamfofin da kika daina ɗaurawa, tukunyar da kike da irinta huɗu. Wanda ya fashe ko ya tsage, kada ki ce "wata rana", ki fitar da shi, masu gwangwan da masu canjin roba suna zagayawa.

Abin da ya rage ki ba kowanne mazauninsa. Na kullum a kusa da hannu, na lokaci-lokaci a sama. Hatsi da gari a mazubi mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa. Takardun asibiti da na makarantar yara a jaka ɗaya, wuri ɗaya. Akwatin zannuwa a riƙa fito da shi yana shan iska bayan damina kafin fumfuna ta cinye shi.

Kuɗin da kika samu kuwa kada ki koma kasuwa ki sake jido wasu kwanukan. Ki sayi ɗan kunnen gwal, ko akuya, ko keken ɗinki, ko ki ja jarin ƙosai da zoɓo. Akuya tana haihuwa, tangaran ba ya haihuwa sai dai ya fashe. Wannan ita ce ainihin ajiyar da kakanninmu suke nufi.

Ke kuma budurwa mai shirin aure, ki zauna da Inna ki ce mata, "Inna, don Allah a rage, a bar min sauran a jari." Ba raini ba ne, tausayi ne. Na tabbata Baba zai fi kowa sa miki albarka.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.