Lakwal ɗin gini ba juji ba ce

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zauna a bakinmu daga Filinge har Yamai: «Wane ya faɗi jarrabawa, sai a kai shi koyon gini.» Ni karatun harshe nake yi, kuma aikina sauraren abin da magana ke ɓoyewa. Wannan «sai» ɗin zagi ne. Ma'anarsa wai CFM da CET juji ne inda ake zubar da waɗanda lakwal ta tofar. To, ƙarya ne!

A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, da yawansu ɗaki ne ya faɗa musu suna barci. Ruwa na Allah ne, wannan gaskiya. Amma katanga marar tushe, da kwaɓin da aka yi wa rowar siminti, da gidan da aka dasa a hanyar ruwa cikin dallol, waɗannan aikin hannun mutum ne. Wa zai gyara? Mai lisans ɗin da ke shan shayi a fada yana jiran kwankur?

Ku tambayi tsofaffin Cikal, nan cikin ƙasar Kurfai. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta koya wa magina a can rufin tulluwa da tubalin laka zalla, dabarar da ta samo asali daga Nubiya, ba azara, ba kwano. Dalili? Itace na ƙarewa, kwano da tsada, ga zafi kamar tanda. Daga ƙauyen nan namu dabarar ta bazu har Mali da Burkina. A 1986 kuma masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan. Duniya ta tafa masa, mu ko muna nan muna yatsina fuska.

Wani zai ce: ai gini a shantiye ake koyonsa, mi ya kawo lakwal? Ku dubi samarinmu masu tafiya cin rani Abijan ko Libiya. Shekara biyar yaro na ɗaukar bulo, ya dawo da ciwon baya, bai iya karanta zanen gida ba. Wanda ya yi horo ya san awo, ya san buhu nawa katanga za ta ci, ya iya rubuta lissafin kuɗin gini. Shi ke zama shugaban shantiye, shi ke karɓar kwangilar aji da asibiti, har ya ɗauki mai ɗaurin ƙarfe, kafinta, mai famfo da mai lantarki.

Mu ma akwai namu aiki. Tun Maris 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma darasin gini na nan da Faransanci, alhali shantiye da Hausa da Zabarmanci take magana. Mu je wurin magina mu tattara kalmominsu, tubali, makuba, indararo, yaɓe, mu fitar da littafin da ɗan koyo zai karanta ya gane.

Kuma in ƙanenka ya ce gini yake so, don Allah kar ka yi masa jaje. Ka raka shi ya yi rajista, ka saya masa cokalin gini da igiyar awo.